Inda Na Kaɗa wa Baba Ƙararrawa

Alhamis: Harlem zuwa Staten Island

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na rufe ƙofar ɗakina a titi na 116 a Harlem, na sauko bene da takalmi a hannu don kada in ta da mutanen gidan. Watan Oktoba ne, sanyi ya fara cizo. Ku da kuke gida kun san abin da ya fitar da ni, amma tunda ƙanwata Rifkatu ta ce za a karanta wannan a gaban jama'a, bari in faɗa saboda wanda bai sani ba.

Babanmu, Dauda Mai Ƙararrawa, ya yi shekara arba'in da wani abu yana kaɗa ƙararrawar majami'ar ƙauyenmu. In an yi rasuwa yakan kaɗa ɗaya-ɗaya, da numfashi uku tsakani, har adadin shekarun mamacin. Mutum yana gona sai ya dafa fartanya ya ƙirga, kafin labari ya iso ya riga ya san ko yaro ne ko tsoho. Kaɗawarsa ta ƙarshe ita ce ta safiyar da 'yan bindiga suka shigo mana, shekara uku ke nan. Ran nan bai ƙirga komai ba, ya dinga duka har mutane suka watse daji. Aka ƙone majami'ar, aka tafi da ƙararrawar, waɗanda suka tsira suka koma cikin gari wurin dangi. A unguwar da suka sauka dattawa suka hana a ƙara buga ko da guntun ƙarfe ne don sujada, saboda da an ji ƙara mata sai su yar da tulu, yara su shige ƙarƙashin gado.

Mako uku kafin wannan tafiya Baba ya rasu a ɗakin aro, aka binne shi shiru. Ni ban je ba, domin ba ni da takardu, in na fita ƙasar nan ba dawowa. Mama ta kira ni ta ce, “Ayuba, mutumin da ya kaɗa wa kowa, an sa shi a ƙasa kamar baƙon da ba a san sunansa ba. Ku can kuna da majami'u. Ka nemo ƙararrawa ka kaɗa masa saba'in da huɗu, in ji ta waya.” Ta sa ranar Asabar, ƙarfe huɗu na yamma agogon gida, lokacin addu'ar tunawa da shi. A nan ƙarfe goma sha ɗaya na safe ke nan.

Ikkilisiyar da nake zuwa ɗaki ne na haya a saman shagon aski a Bronx, ba mu da ƙararrawa, ganga ma sai mai shagon ya tashi ake bugawa. Na bi manyan majami'u huɗu a Manhattan. Ko'ina a ba ni kujera, a ce min sannu da rashi, a miƙo min takarda in cike, a ce kwamiti zai zauna wata mai zuwa. Daga nan wata 'yar Ghana mai kula da tsofaffi ta ce min a ƙarshen tsibirin Staten Island akwai tsohuwar majami'ar ƙauye, kullum da tsakar rana tana jin ƙararrawarta.

Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a kan dala biyu da rabi, na sauka a bakin ruwa ƙarfe shida saura minti goma. Jirgin ruwan kyauta ne, minti ashirin da biyar yake yi. Mu ba mu fi talatin ba a ciki, yawanci masu gadi ne da suka taso aiki suna gyangyaɗi. A St. George, tashar jirgin ruwa ta tsibirin, muka yi kaciɓis da dubban mutane suna tururuwar tsallakawa Manhattan, ni kaɗai nake kutsawa baya. Daga can bas, minti hamsin, har gidaje suka fara tazara, itatuwa suka yi yawa.

Majami'ar ta katako ce fara, da hasumiya mai tsini, kaburbura kewaye da ita. Na zauna a kan matakala daga bakwai da rabi har tara, sannan mai kula da wurin ya zo, wani dattijo mai ƙaton ciki da tarin makullai. Ya saurare ni har ƙarshe, idonsa ya yi ja, ya ce in biyo shi. Na ɗauka hasumiya za mu hau. Sai ya buɗe wani kabad kusa da inda suke ajiye tsintsiya, ya nuna min akwati baƙi mai maɓallai.

“Ka danna nan, ka sa saba'in da huɗu, ka danna nan. Shi ke nan.”

“Ƙararrawar fa?”

“Ta tsage tun ina saurayi. Lasifika ce a sama. Ba wanda ke gane bambanci.”

Ba zan ɓoye muku ba, na daɗe ina kallon maɓallin nan. Ta waya Mama ba za ta taɓa ganewa ba, kuma da na huta. Amma na tuna tafin hannun Baba, yadda igiya ta mai da shi kamar bayan kunkuru, sai kunya ta kama ni. Na yi godiya na ce a'a. Bai ji haushi ba. Ya ce in ina son igiya sai in tafi arewa cikin duwatsu, wajen ƙauyukan da ba su da kuɗin sayen akwati irin nasa.

Ƙarfe ɗaya na rana na dawo Harlem, na shiga gidan abincin 'yan Senegal na sayi shinkafa da kifi dala goma, ban ci rabi ba. A can Alhaji Lawali ya same ni. Mutumin Maraɗi ne, direban tasi, maƙwabcina ƙofa da ƙofa shekara shida. Shi Musulmi ne, kuma tun ran da ya ga Littafi Mai Tsarki a ɗakina ya laƙaba min Fasto.

“Fasto, mi ya hwaru? Fuskarka awa an kore ka aiki.”

Na gaya masa. Ya ja kwanona ya cinye sauran kifin, ya suɗe hannu.

“Bon. Gobe da assuba mu tahi. Kai ka zuba mai, ni in tuƙa.”

“Gobe Juma'a ce, Alhaji.”

“Na sani. Matahiyi ne ni gobe, Allah ya san da zaman matahiya.”

Juma'a: ƙauyuka uku

Biyar da minti goma muka ɗaga. Muka haye kogin Hudson ta babbar gada, muka kama babbar hanyar arewa, aka ba mu tikiti a ƙofar shiga. Da gari ya fara haske Alhaji ya ratse wurin hutawar matafiya, ya shimfiɗa darduma tsakanin motarsa da wata tirela ya yi salla, ni kuma na zuba mana shayi daga fulas. Mil casa'in ne zuwa Kingston, mun isa bakwai da kwata. Daga nan muka juya yamma, hanya ta ƙanƙance ta fara hawa. Ganyen itatuwa ya yi ja da rawaya ko'ina, mutanen birni har kuɗi suke kashewa su zo kallo, ni ko hasumiya kawai nake nema.

Ƙauye na farko, mil ashirin da takwas daga Kingston. Mun hango gicciye tun daga nesa, na ce wa Alhaji mun dace. Da muka matso sai muka ga kujerun da, da fitilu, da tsofaffin kekuna jere a bakin ƙofa. An sayar da majami'ar, ta zama shagon tsofaffin kaya. Ƙararrawar tana zaune a ciyawa, an kifa ta baki sama, an cika ta da ƙasa an shuka fure a ciki. Na ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ta yi ƙara irin ta tukunyar da ke cike da tuwo.

Ƙauye na biyu, mil goma sha ɗaya gaba. A kulle. A jikin allo an rubuta cewa fasto ɗaya ke riƙe da majami'u huɗu, nan yana zuwa Lahadi ta biyu a wata, ga lambar waya. Na kira sau uku, na'ura tana amsawa. Muka zauna a mota har goma da rabi muna cin burodi da gyaɗa, ba wanda ya wuce sai wani kare.

Ƙauye na uku ne na yi abin da har yau in na tuna sai in ji zufa. Mun isa sha biyu saura. Majami'ar dutse ce ƙarama a bakin rafi, ƙofar kuma a buɗe. Ina shiga zauren farko na ga igiya, mai kauri kamar damtsen yaro, ta sauko daga wani rami a rufi. Na yi sallama, na leƙa ciki, ba kowa.

A gida ƙofar majami'a ba ta da mai ita, kuma mu 'ya'yan Baba ba ma neman izini kafin mu taɓa igiya. Na ce a raina bari in gwada sau ɗaya kawai in ji muryarta, in ta yi sai mu nemi masu wurin saboda gobe. Alhaji yana waje yana cewa, “Fasto, tsaya mu tambaya,” ni kuwa na riga na kama.

Tamu ta gida igiyar a harshen ƙararrawa take ɗaure, ka ja sau ɗaya ta amsa sau ɗaya. Wannan na ja, shiru. Na ƙara ƙarfi, na ji wani abu mai nauyi ya motsa can sama. Na rataya da dukan jikina. Sai igiyar ta fizge ni sama har ƙafafuna suka bar ƙasa, ƙararrawar ta ɓarke, gaba da baya, gaba da baya, irin kaɗawar safiyar Kirsimeti. Ashe a kan wili take, ita kanta take lilo, in ta tashi kuma ba ta tsayawa don ka saki. Na rungume igiyar ina neman tsai da ita, ita kuwa tana ta murna. Na zo neman kukan mutuwa, na kaɗa wa ubana ta biki.

Kafin ta yi shiru mutum bakwai ko takwas sun fito. Ba wanda ya matso. Suka tsaya a tsallaken hanya suna kallonmu, baƙaƙen mutum biyu da motar birni, wata mata tana magana a waya. Wani tsoho mai jar hula shi ya fi kowa ɗaga murya, yana tambayar wa ya ba mu izini. Minti goma sha biyar motar 'yan sanda ta iso.

Ɗan sandan yaro ne ƙarami a kaina, amma hannunsa bai bar ƙugunsa ba. Alhaji ya miƙa lasin da takardun mota, nasa komai daidai. Aka juyo kaina. Abin da nake da shi fasfo ne da ya mutu shekara huɗu da suka wuce. Ya buɗe, ya juya shafi, ya dube ni, ya sake juyawa. Na gaya masa zancen Baba da Turancina na mai wankin kwanuka a gidan abinci. Ya tafi motarsa da fasfon ya rufe ƙofa.

Minti ashirin ya yi a ciki. Na tsaya hannuna a kan bonet ina lissafin cewa yau shekara tara ta zaman ɓoyo ta ƙare, kuma gobe sha ɗaya ina tsare a bayan wayar shinge, Mama tana riƙe da tata wayar a kunne. Wannan na biyun ya fi ci min rai.

“Kak ka motsa,” Alhaji ya ce a hankali, bakinsa bai ko buɗe ba. “Kak ka yi kuka kuma. Su ba su son kuka.”

Ya dawo ya miƙo min fasfon da yatsa biyu. Ya ce ba a fasa komai ba, ba a ɗauki komai ba, don haka zai bar maganar a nan, amma kada ya sake ganin motarmu a garin. Ban san abin da ya gani a na'urarsa ba, ban kuma tambaya ba.

Muna shiga mota tsohon nan mai jar hula ya tsallako ya ƙwanƙwasa gilashi. Fuskarsa ba ta sake ba.

“Na ji abin da ka gaya masa. Ba wannan igiyar ake ja wa mamaci ba. Wa ya koya maka?”

“Babana.”

Ya dubi rafi. Sannan ya ce mil goma sha huɗu arewa, bayan gada mai rufi, akwai wata tsohuwa, Misis Alma, ita kaɗai ta rage a yankin da ta san aikin. Ya ƙara da cewa wannan karon in ƙwanƙwasa ƙofa tukuna.

Mun sami gidanta ƙarfe uku, ba ta nan, maƙwabta suka ce an kai ta asibiti ganin likita sai yamma. Na rubuta takarda na soka a ƙofa. Muka koma bakin babbar hanya muka kama ɗaki a wani masauki, dala sittin da huɗu, gado biyu, kafet yana warin taba. A gidan abincin da ke gefe Alhaji ya yi wa mai kawo abinci tambayoyi har ta gaji, ya gano ƙwai da naman alade kasko ɗaya ake soya su, ya haƙura da burodi da kifin gwangwani. Rifkatu ta kira ta ce an ari kujeru, an gaya wa duk mutanen ƙauyenmu da ke gari. Ta tambaya ko na samu. Na ce mata na samu, alhali ban ko ga fuskar matar ba.

Asabar: bayan gada mai rufi

Bakwai da rabi muka bar masaukin, takwas daidai na ƙwanƙwasa. Misis Alma ta haura tamanin, 'yar firit, tana tafiya da abin dogarawa mai ƙafa huɗu. Takardata tana hannunta. Ba ta ce mu shigo ba, a bakin ƙofa ta yi min tambayoyi kamar alƙali: sunansa, shekarunsa, aikinsa, me ya kashe shi. Da na ce shekara arba'in yana kaɗawa, ta tambaya sau nawa yake numfashi tsakanin bugu. Na ce uku. Ta ce ita tana ƙirga goma, duk abu ɗaya ne. Sannan ta matsa ta ba mu hanya.

Ta ba mu kofi da wani biskit mai tauri. Ta ce su tara suka rage a ikkilisiyar, ƙarshen shekara za a rufe. Ta ja waya ta kira gidaje biyar ɗaya bayan ɗaya, tana gaya musu kada su firgita in sun ji, ba nata ba ne, na wani mai ƙararrawa ne daga Afirka. Ta ce in ba ta yi haka ba tsofaffin garin za su ƙirga, kowa ya fara tunanin wane ne ɗan saba'in da huɗu a cikinsu.

Majami'ar taku ɗari biyu ce daga gidan, amma mun yi minti goma. Fenti ya ɓaɓɓare, ciki yana warin ruwa da ɓera. A zauren akwai igiya mai kauri irin ta jiya, na kau da kai daga gare ta. Misis Alma ta kai hannu bayan ƙofa ta kwance wata siririya daga ƙusa, ba ta fi igiyar guga ba. Ta ce wannan guduma take ɗagawa, ƙararrawar tana tsaye, guduma ta sauka sau ɗaya. Ba a taɓa ta sai don mamaci. Ta zauna a benci ta buɗe wani tsohon littafi inda take rubuta duk wanda aka kaɗa wa, ta sa Alhaji ya faɗa mata harufan sunan Baba.

Sha ɗaya saura minti biyar na kankare katin waya da na saya a Harlem, mai minti arba'in, na kira. Rifkatu ta ɗauka. Ina jin zumuntar matan ikkilisiya suna ƙare waƙa, ina jin tari da kukan jarirai. Ta ce ta ɗora wayar a kan kujera a tsakiyar tsakar gida, kowa ya yi shiru. Alhaji ya karɓi tawa ya buɗe murya, ya fita ya tsaya a kan matakala ya ɗaga ta sama wajen hasumiya.

Na ja. Muryarta ta fi tamu zurfi, na ji ta a haƙorana. Na yi numfashi uku, na sake ja. Wajen na ashirin na daina ganin igiyar sosai, amma ban ɓata ƙirga ba, Misis Alma kuma tana ɗiga alama da fensir. Na ga Baba yana ɗan saurayi a ashirin da biyar, na ga shekarar da aka haife ni ta wuce a talatin da tara, na bi shi har ɗakin aro. Minti goma sha uku ya ɗauka. Da na saba'in da huɗu ya mutu a cikin iska na saki igiyar na jingina da bango, na ce na gama.

Alhaji ya leƙo. “Fasto, akwai wata tsohuwa na magana. Ba Mama ba ce.”

Gwaggo Saratu ce, maƙwabciyarmu ta ƙauye. Tana cewa, “Ayuba, ɗana, kada ka sauka tukuna. Baban Iliya ma ba a kaɗa masa ba. Sittin da biyu.”

Sai a lokacin abin ya faɗo min. Duk waɗanda aka kashe a safiyar nan, ba wanda aka kaɗa wa, domin mai kaɗawar yana daji, ƙararrawar kuma tana motar waɗanda suka kashe su. Na fassara wa Misis Alma. Ta dube ni ta saman tabarau, ta juya sabon shafi, ta ce in ci gaba.

Haka muka yi. A gida wani ya matso kusa da kujera ya faɗi suna da shekaru, Alhaji ya maimaita da ƙarfi daga matakala, Misis Alma ta rubuta yadda kunnenta ya ji, ni in ja. “Tanko baban Iliya, sittin da biyu!” “Hannatu matar Bitrus, talatin!” Alhaji Lawali, wanda bai taɓa taka ƙauyenmu ba, yana kiran matattunmu da bakin mutanen Maraɗi, bayan kowane suna kuma ina jin yana cewa wani abu ƙasa-ƙasa. Katina ya ƙare a tsakiyar na huɗu. Ya ciro tasa wayar ya kira kai tsaye, na ce masa tsada, ya ce in yi abin da ke gabana.

Na manya sun ci min hannu, siririyar igiya ta yanka tafin, na naɗe shi da hankici. Amma na yara sun fi wuya. Ka ja sau huɗu, jikinka yana jiran na biyar, sai ka tsaya. Akwai 'yar wata bakwai. Na tambayi Misis Alma, ta ɗaga yatsa ɗaya, haka Baba ma yake yi. Da na waiwaya na ga mutanen garin biyar ko shida tsaye a ciyawa cikin manyan riguna, maza sun cire hula. Ba su san kowa a cikin sunayen ba.

Wajen ɗaya saura kwata sunaye suka ƙare. Can gida rana ta kusa faɗuwa. Na ji fasto ya fara gyaran murya zai rufe da addu'a, sai na ji muryar Mama ta ce a dakata. Alhaji ya shigo har cikin zauren, ya kara min wayar a kunne domin hannuwana ba sa riƙo.

“Ayuba.”

“Na'am, Mama.”

“Saura Yakubu.”

Yakubu yayana ne, shi nake bi. A safiyar nan ya fitar da Mama har bakin daji, ya koma kwance awaki, ba a ƙara ganinsa ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Shekara uku Mama ba ta yarda kowa ya ce marigayi a kansa ba. Ta taɓa korar dattijon ikkilisiya daga ɗaki saboda ya zo yi mata gaisuwa.

Na ji Rifkatu ta fashe da kuka tana cewa, “Mama, a'a, Mama.” Ni kuma sai na yi tambayar aiki.

“Nawa zan kaɗa? Bana yake cika arba'in da ɗaya.”



“Talatin da takwas,” ta ce. “Ka ƙirga zuwa ranar da ya koma.”

Alhaji ya fita da wayar. Na kama igiyar.

Komawa

Ƙarfe ɗaya da rabi muka raka Misis Alma gida. Ta wanke min hannu da wani ruwan magani mai zafi, ta ɗaure da bandeji. Na ciro kuɗi don ikkilisiya, ta ture hannuna ta ce ba a biyan wannan igiyar. Biyu saura kwata muka kama hanya, mil ɗari da arba'in da wani abu. Muka isa Kingston. Muka tsaya Alhaji ya haɗa sallolinsa, ya sayo min ruwa ya buɗe min murfin. Cunkoso ya riƙe mu minti arba'in a bakin gada, muka shigo titi na 116 ƙarfe biyar da rabi, masu shaguna suna ta ciniki, magariba ta gabato. Na yi mako guda ban iya wanke kwano ba, mai gidan abincin da nake wa aiki ya ce in zauna gida.

Na gode wa Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Alhaji Lawali, wanda ya bar Juma'arsa da cinikin kwana biyu, kuma har yau in na ɗauko maganar sai ya canza zance. Na gode wa Misis Alma, da tsohon nan mai jar hula da ban san sunansa ba. Ku kuma na gida, na gode da kuka zauna har duhu ya fara kuna ƙirgawa tare da ni.

Akwai abu ɗaya da ya rage. Rifkatu ta ce da yawa a cikinku talatin da bakwai kuka ƙirga a na Yakubu, aka ce layin waya ne ya haɗiye ɗaya, Mama ma haka ta ɗauka. Layin lafiyarsa lau. Na ja talatin da bakwai, na yi numfashi uku, hannuna yana kan igiyar, na kasa. Misis Alma ta jira, fensir a sama, ta dube ni, sannan ta rufe littafinta. Mama, ki gafarce ni. Ke kin iya, ni ban iya ba tukuna.